Kowa Da Gwaninsa: Masoyan Da Suka Ɗaure Sunansu Da Na Matattun Makaɗan Turai

A shekarar 1890 wani yaro ɗan shekara 13 ya shiga wani shagon tsoffin takardun kiɗa a birnin Barcelona, shi da mahaifinsa. Sunansa Pau Casals, amma duniya ta fi saninsa da Pablo. Yana koyon kaɗa cello, babban gogen nan na Turawa da ake kafa ƙafarsa a ƙasa a riƙe shi tsakanin gwiwoyi, da daddare kuma yana kiɗa a wani gidan shan gahawa don ya sami na kashewa. Sabbin kiɗe-kiɗe ya je nema, waɗanda zai riƙa yi wa masu shan gahawar. Yana cikin tona tarin takardu sai hannunsa ya faɗa kan wani kundi da ya tsufa ya koɗe. Kiɗa shida ne a ciki, waɗanda Johann Sebastian Bach ya rubuta wa cello shi kaɗai, ba fiyano a bayansa, ba mai amshi.

A lokacin Bach ya shekara 140 a kabari. Ya rubuta waɗannan kiɗe-kiɗe wajen 1720, lokacin da yake aiki a fadar wani ƙaramin basarake a garin Köthen na ƙasar Jamus. Takardar da ya rubuta da hannunsa ta ɓace, sai kwafi, ciki har da wanda matarsa Anna Magdalena ta yi. Malaman da suka san da su sun ɗauke su darasin motsa yatsu, abin da ɗalibi zai yi a ɗaki ya rufe ƙofa. Da wuya a sami wanda ya yi tunanin a tara jama'a a zaunar da su su saurari ɗaya daga farko har ƙarshe.

Casals ya kai kundin gida. Shekara goma sha biyu yana bitarsa kullum kafin ya yarda ya kaɗa ɗaya gaba ɗayansa a gaban jama'a, kuma sai da ya kusa shekara sittin ya amince a naɗe su a faifai. An yi wannan aiki tsakanin 1936 da 1939, a Landan da Paris, daidai lokacin da yaƙin basasa ke cin ƙasarsa Sifaniya. Da Janar Franco ya ci yaƙin, Casals ya yi hijira zuwa Prades, wani ɗan gari a kudancin Faransa kusa da iyaka. Bayan yaƙin duniya na biyu, da ya ga manyan ƙasashe sun bar Franco a kan mulki, sai ya ɗaga hannu daga kiɗa a bainar jama'a. Aka yi ta lallashi, ya ƙi. Abin da ya fito da shi Bach ne. A 1950, da marigayin ya cika shekara 200 da rasuwa, wani ɗan goge mai suna Alexander Schneider ya shawo kansa cewa tun da ba zai je ko'ina ba, to makaɗa su zo su same shi. Suka zo daga ƙasashe daban-daban suka cika ɗan garin, aka yi bikin Bach. Yau babu ɗalibin cello a duniya da zai gama karatu bai bi ta kan kiɗan nan shida ba, kuma da wuya a ambace su ba a ambaci Casals ba.

Kiɗan da ke kwance a takarda

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe don ya gane me ya sa irin wannan so yake da nauyi a kiɗan Turai na dauri. A wurinmu, wanda aka sani da son Shata ko Narambaɗa yana da muryar gwaninsa a kaset ko a waya, in ya danna sai ya ji mutumin da kansa, da kalangunsa ko kotsonsa da 'yan amshinsa. Masoyin Bach ko Mozart ko Beethoven ba shi da wannan gatan. Dukansu sun mutu kafin a ƙirƙiro na'urar naɗar sauti. Abin da suka bari takarda ce mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige, kuma takarda ba ta ƙara. Sai wani mai rai ya ɗauka, ya karanta, ya shekara yana bita, ya nemo kuɗin zaure da na makaɗa, sannan a ji.

Shi ya sa a wannan duniyar ba a raba sunan mai tsara kiɗa da na masoyinsa. In aka ce Chopin sai a tuna Arthur Rubinstein. In aka ce Beethoven a fiyano sai a tuna Artur Schnabel, wanda shi ne na farko da ya naɗi sonata 32 ɗinsa gaba ɗaya tsakanin 1932 da 1935. Ɗan Ostareliya Charles Mackerras ya je karatu Prague a 1947, ya ji wani wasan waƙa na Leoš Janáček, daga nan ya ɗauki nauyin sanar da Ingila da sauran duniya wannan mutumin har ƙarshen rayuwarsa. Ko a tsakanin masu sauraro zalla, waɗanda ba su iya kaɗa komai ba, haka abin yake. Kowane taro na masoya yana da mutumin da aka sani da Brahms, da wanda ba a gama hira da shi bai kawo Sibelius ba. Ana yi musu tsiya, amma in magana ta tashi kan gwanin nasu, su ake juyawa a kalla.

Ni ina ganin waɗannan masu kafiya su ne suka riƙe wannan kiɗa. Mai son kowa daidai wa daida yana jin daɗinsa ya wuce. Wanda ya liƙe wa mutum ɗaya shi ke tona ɗakunan ajiya, shi ke kashe dukiya, shi ke jure gori.

Shi kansa Bach ɗin da Casals ya tsinta, wani masoyin ne ya fara fito da shi fili. Bayan rasuwarsa a 1750 ƙwararru ba su manta da shi ba, domin Mozart da Beethoven duk sun yi nazarin rubutunsa. Amma manyan ayyukansa na coci sun kwanta. Felix Mendelssohn yana yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar kakarsa Bella Salomon ta ba shi kyautar kwafin wani gagarumin aiki na Bach da aka gina kan Linjilar Matta, wanda ke buƙatar rukunin mawaƙa biyu da rukunin makaɗa biyu. Malaminsa, Carl Friedrich Zelter, ya ga abin ba zai yiwu ba, jama'a ba za su zauna ba. Mendelssohn da abokinsa Eduard Devrient, ɗan wasan kwaikwayo, suka matsa har ya sakar musu. Ranar 11 ga Maris 1829 aka yi shi a Berlin, Mendelssohn yana da shekara 20 yana jan ragama. Zauren ya cika, aka mayar da mutane da yawa daga bakin ƙofa, aka sake yi bayan kwana goma. Masanin falsafa Hegel yana cikin waɗanda suka saurara.

Sai dai ga wani abu: Mendelssohn ya yanke kusan rabin aikin, ya kuma sauya wasu kayan kiɗan da waɗanda zamaninsa ya saba da su. Bach ɗin da Berlin ta ji ranar nan, Bach ne da ya bi ta hannun saurayi ɗan ƙarni na 19. Wannan ita ce ɗabi'ar irin wannan so tun asali. Masoyi yana raya gwaninsa, amma yana yi masa ɗinki daidai jikin kansa.

Babu wanda ya nuna haka kamar Glenn Gould, ɗan Kanada, haifaffen Toronto a 1932. A watan Yunin 1955, ana tsakiyar zafi a New York, ya shigo ɗakin naɗar sauti na kamfanin Columbia sanye da kwat da mayafin wuya da safar hannu. Ya jiƙa hannuwansa a ruwan zafi, ya zauna kan wata 'yar gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, har hancinsa ya kusa taɓa bakin fiyano. Abin da ya zaɓa don faifansa na farko da kamfanin shi ne Goldberg Variations na Bach, sautin guda ɗaya da aka juya shi sau talatin. Manyan kamfanin sun so ya zaɓi wani abu da ya fi sauƙin sayarwa, ya ce shi wannan yake so. Ya kaɗa shi cikin minti 38 da 'yan kai, da sauri da tsabta irin wadda ba a saba ji ba, kowane layi yana fita daban kamar mutane uku na magana kuma kana jin kowa. Faifan ya fito a 1956, ya zama ɗaya daga cikin faya-fayan kiɗan dauri da aka fi saye.

A 1964, yana da shekara 31, ya daina fitowa gaban jama'a kwata-kwata, ya koma ɗakin naɗa. A 1981 ya sake komawa kan Goldberg ɗin, wannan karon a hankali, cikin minti 51, kana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana rera sautin tare da yatsunsa, abin da injiniyoyi suka yi ta fama su ɓoye suka kasa. Faifan na fitowa ba da jimawa ba shanyewar jiki ta same shi, ya rasu ranar 4 ga Oktoba 1982, kwana tara bayan ya cika shekara hamsin. An sassaƙa farkon sautin Goldberg a kan dutsen kabarinsa. Kumbon Voyager da Amurka ta harba a 1977 yana ɗauke da faifan zinariya, kuma a ciki akwai Gould yana kaɗa Bach.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarinsa shi ne, in aka tambaye shi wane ne gwaninsa, ba Bach yake cewa ba. Orlando Gibbons yake ambata, wani Bature ɗan Ingila da ya rasu a 1625, wanda Gould bai naɗi kiɗansa ba sai 'yan kaɗan. Mutumin da duniya ta san ka da shi daban, wanda ke cikin zuciyarka kuma yana iya zama daban. Jama'a ke raɗa wa masoyi sunan gwaninsa, ba shi ke zaɓa ba.

Wasu kuwa ba su taɓa hawa dandali ba, amma sunansu ya fi na makaɗa daɗewa. Duk wanda ya duba faifan Mozart zai ga harafin K da lamba a gaban kowane kiɗa. Wannan K ɗin mutum ne, Ludwig von Köchel, masanin tsirrai da duwatsu ɗan Ostiriya, wanda ya yi aikin koyar da 'ya'yan gidan sarauta. Da ya ajiye aiki sai ya bi ayyukan Mozart kamar yadda ya saba bin ganyaye: ya tattara, ya tantance na gaske da na jabu, ya jera su bisa shekarun da aka rubuta su. Kundinsa ya fito a 1862, daga lamba 1 zuwa 626, wato kiɗan makokin da Mozart ya mutu bai gama ba. Haka Otto Erich Deutsch ya yi wa Schubert, shi ya sa ake ganin D. Haka Anthony van Hoboken, wani attajiri ɗan Holan, ya yi wa Haydn. Aiki ne na ƙura da ciwon ido, ba tafi ba kirari, kuma ba don shi ba da har yau ana rigima kan wane kiɗa ake nufi in an ce na Mozart mai kaza.

Sarki da ubangidansa

So hana ganin laifi, in ji Hausawa, kuma labarin Richard Wagner shi ne inda wannan magana ta fi ciwo.

A farkon 1864 Wagner ya kai maƙura. Bashi ya yi masa katutu, ya gudu daga Vienna don kada a ɗaure shi, yana ɓuya daga wannan gari zuwa wancan. Wasan waƙarsa Tristan und Isolde an yi ta gwajinsa a Vienna fiye da sau saba'in aka watsar, aka ce ba ya kaɗuwa. A wannan shekarar wani saurayi ɗan shekara 18 ya hau gadon sarautar Bavaria, Ludwig na Biyu. Tun yana ɗan shekara 15 ya kalli wasan Lohengrin na Wagner, abin ya shiga ransa bai fita ba. Cikin abubuwan da ya fara yi a kan karaga har da tura sakatarensa ya nemo masa mutumin nan duk inda yake. Aka same shi a Stuttgart, aka miƙa masa zobe da hoton sarki. Cikin 'yan kwanaki aka biya basussukansa, aka ba shi gida da albashi. Ranar 10 ga Yuni 1865 aka yi Tristan a Munich.

Wagner bai riƙe alherin da kyau ba. Ya yi ta neman ƙari, ya sa baki a harkar naɗa ministoci, ga kuma abin kunyar da ke tsakaninsa da Cosima, matar Hans von Bülow, mutumin da ya ja ragamar makaɗa a wasan nasa. Fadawa da mutanen gari suka taso, dole sarki ya sallame shi daga Munich a watan Disambar 1865. Amma ko a Suwizalan ɗin da ya koma, sarki ke biyan kuɗin haya. Shi ma Ludwig son nasa na mallaka ne. Da ya ƙosa da jira, sai ya sa aka yi kashi biyu na farko na babban aikin Wagner, wato Ring, a Munich a 1869 da 1870, mai aikin yana ƙi yana kumfar baki. Duk da haka, da ginin gidan wasan da Wagner ya ƙudura a garin Bayreuth ya tsaya don rashin kuɗi, bashin da sarki ya bayar a 1874 ne ya ƙarasa shi. Aka buɗe a 1876 da Ring gaba ɗaya, wasa huɗu, kusan awa goma sha biyar. Har gobe ana bikin a can duk bazara.

Ludwig ya gina fadar Neuschwanstein a kan dutse ya cika bangonta da zanen tatsuniyoyin da Wagner ya yi wasa da su. Gine-ginensa suka jefa shi cikin bashi, a watan Yunin 1886 ministocinsa suka ce ya taɓu suka tuɓe shi, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg tare da ta likitansa. Ko me za a ce game da shi, ba don shi ba da wuya a ce Wagner ya gama abin da ya gama.

Masoyi na biyu da aka san Wagner da shi kuwa bala'i ne. Adolf Hitler ma Lohengrin ya fara kallo, yana yaro a garin Linz. Da ya sami mulki ya mayar da Bayreuth wurin zuwansa duk shekara, ya yi abota ta kut da kut da Winifred, surukar Wagner mai riƙe da bikin. Wagner ya mutu a 1883, shekara shida kafin a haifi Hitler, don haka ba za a ɗora masa kisan kiyashin ba. Amma ba za a wanke shi tas ba, domin da hannunsa ya rubuta maƙalar cin mutuncin Yahudawa a 1850, inda ya kai wa Mendelssohn hari bayan mutuwarsa, ya kuma sake buga ta da sunansa a 1869. 'Yan Nazi suka hana kiɗan Mendelssohn, suka tumɓuke mutum-mutuminsa a Leipzig a 1936. Mutumin da ya dawo wa Jamus da Bach ke nan.

Tun 1938 makaɗan Yahudawa a Falasɗinu suka cire Wagner daga jadawalinsu, kuma wannan al'ada ta ci gaba a Isra'ila, ba da doka ba. A Yulin 2001 Daniel Barenboim, Bayahude kuma ɗaya daga cikin manyan masu kaɗa Wagner a zamaninmu, ya juyo ya tambayi masu sauraro a Birnin Ƙudus ko suna so ya ƙara musu da wani yanki na Tristan. Aka yi ta musu da ihu na tsawon lokaci, wasu suka fice, akasari suka zauna, ya kaɗa. Rigimar da ta biyo baya ta kai har majalisar dokokin ƙasar.

Mutum ɗaya, kiɗa ɗaya

Gustav Mahler ya rasu a 1911. A rayuwarsa an fi girmama shi a matsayin jagoran makaɗa, su kuwa simfoninsa, wato manyan kiɗe-kiɗensa na babbar ƙungiyar makaɗa, masu tsawo da hayaniya da kuka, da yawa sun ɗauke su wuce gona da iri. Almajirinsa Bruno Walter da abokinsa Willem Mengelberg na Amsterdam suka riƙe su, sannan 'yan Nazi suka hana su saboda asalinsa Bayahude ne. Leonard Bernstein na New York ya ɗauko su da ƙarfinsa daga 1960, shekarar cikar Mahler ɗari da haihuwa, ya zama na farko da ya naɗi simfoni tara ɗin da marigayin ya kammala. Da aka kashe Shugaba Kennedy a 1963, simfoni na biyu na Mahler ya kaɗa a talabijin. Da shi kansa ya rasu a 1990, an binne shi da kundin simfoni na biyar a kan ƙirjinsa. Masu suka sun ce Bernstein ya cika zuba kansa a cikin Mahler, yana jan wurin kuka har ya wuce abin da ke takarda. Akwai gaskiya a ciki. Amma zauren da yau ke cika in an sa sunan Mahler a allo, shi ya fara cika shi.

Bernstein ƙwararre ne, kiɗa sana'arsa ce. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Gilbert Kaplan, wanda ba makaɗi ba ne sam.

Kaplan ɗan harkar kuɗi ne a New York. A 1965, yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya shiga zauren Carnegie ya ji Leopold Stokowski yana jagorantar simfoni na biyu na Mahler, wanda ake wa laƙabi da na tashin matattu. Aiki ne na kusan awa ɗaya da rabi, da makaɗa sama da ɗari, da mawaƙa mata biyu, da babban rukunin 'yan amshi da ke zaune shiru har kusan ƙarshe sannan su shigo da murya ƙasa-ƙasa, da wasu masu busa da ake ɓoyewa a bayan dandali don a ji su kamar daga nesa. Kaplan ya fita daga zauren ba yadda ya shiga ba. Ya je ya kafa mujallar Institutional Investor a 1967, ya yi arziki, amma kiɗan nan bai sake shi ba. Da ya kusa shekara arba'in ya yanke shawarar da kowa ya ce hauka ce: zai koyi riƙe sanda don ya jagoranci wannan aiki ɗaya tak. Ya ɗauki malami, ya yi watanni yana bita awa-awa kullum, ya riƙa hawa jirgi zuwa duk ƙasar da ya ji za a kaɗa shi don ya ga yadda manya ke yi. A 1982 ya yi hayar zaure a Lincoln Center, ya yi hayar makaɗa da mawaƙa da kuɗinsa, ya gayyaci abokan harkarsa, ya jagoranci aikin da ka, ba takarda a gabansa.

Niyyarsa sau ɗaya ne. Sai gayyata ta fara zuwa. Kafin rasuwarsa ya jagoranci wannan simfoni fiye da sau ɗari, da ƙungiyoyin makaɗa sama da hamsin. Ya naɗe shi da makaɗan London Symphony a 1987, faifan ya yi kasuwa ƙwarai, ya sake naɗa da na Vienna Philharmonic, ƙungiyar da Mahler da kansa ya taɓa jagoranta. A 1984 ya sayi ainihin kundin da Mahler ya rubuta da hannunsa, shafi 232, ya sa aka buga hotonsa don kowa ya gani. Ya zauna da wata masaniya, Renate Stark-Voit, suka bi aikin ɗigo-ɗigo suka fitar da sabon bugu da ya gyara ɗaruruwan kurakurai da suka daɗe a bugun da makaɗa ke amfani da shi.

Ba kowa ya yarda da shi ba. A 2008, da ya jagoranci New York Philharmonic, wasu daga cikin makaɗan suka fito fili suka ce mutumin bai iya ba, kuɗinsa ne suka hau da shi dandali, su ne suka ɗauki nauyin kiɗan yana kaɗa sanda a sama. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya ba da shekara talatin yana busa ƙaho yana da haƙƙin ya ji zafi in aka ɗora masa wanda bai bi layi ba, kuma gaskiya ne talaka mai irin wannan son ba zai taɓa samun zauren ba. Amma in aka tambaye ni wa ya fi yi wa wannan simfoni hidima a ƙarshen ƙarni na 20, ba zan tsallake sunansa ba. Attajirai da yawa sun sayi takardun tarihi sun kulle a akwati. Shi ya buɗe nasa, ya karanta har ya haddace, ya gyara wa ƙwararrun takardar da suke kaɗawa da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 2016. A watan Nuwamban shekarar aka yi gwanjon kundin a Landan kan fam miliyan 4.5, kuɗin da ba a taɓa sayen rubutun kiɗa da shi a gwanjo ba kafin nan.

Waɗanda ba su sami masoyi da wuri ba

In ana son a ga darajar masoyi, a dubi wanda ya rasa. Florence Price baƙar fata ce 'yar Amurka, haifaffiyar Arkansas a 1887. A 1933 ƙungiyar makaɗan Chicago ta kaɗa simfoninta na farko, karo na farko da wata babbar ƙungiya a ƙasar ta yi wa baƙar mace haka. Ta ci gaba da rubutu, ta aika wasiƙu ga Serge Koussevitzky, jagoran makaɗan Boston, tana roƙon ya duba ayyukanta, bai taɓa kaɗa ko ɗaya ba. Ta rasu a 1953. Ba ta bar sarki ba, ba ta bar almajiri mai riƙe da babbar ƙungiya ba. A 2009 wasu ma'aurata da suka sayi wani kangon gida a wajen garin St. Anne na jihar Illinois, rufinsa ya huje, suka tarar da tarin takardu masu ɗauke da sunanta. Gidan hutunta ne na da. A cikin takardun akwai simfoninta na huɗu da manyan kiɗan goge biyu da aka ɗauka sun salwanta. Shekara hamsin da shida suna kwance a wurin. Daga baya Yannick Nézet-Séguin da makaɗan Philadelphia suka naɗi simfoninta na ɗaya da na uku, faifan ya ci kyautar Grammy a 2022.

A Ingila, Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne mahaifiyarta 'yar Ailan, ta shekara da shekaru tana kaɗa babban gogen da ya fi cello girma a manyan ƙungiyoyi, sau da yawa ita kaɗai ce baƙa a kan dandali. A 2015 ta kafa ƙungiyar Chineke!, wadda akasarin makaɗanta baƙaƙe ne da 'yan sauran tsirarun ƙabilu, kuma tun wasansu na farko suka sa Samuel Coleridge-Taylor a gaba. Shi ɗan wani likita ne daga Saliyo, an haife shi a Landan a 1875. Aikinsa Hiawatha's Wedding Feast ya yi farin jinin da har aka riƙa cika zauren Royal Albert da shi shekara bayan shekara, amma ya riga ya sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya kan gini 15 na kuɗin Ingila na da, ya mutu yana da shekara 37 cikin ƙuncin aiki da rashin kuɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu sunansa ya dusashe.

A watan Agustan 2021 Chineke! ta hau dandalin wannan zaure na Royal Albert a bikin Proms na BBC. Jadawalin daren ya haɗa Coleridge-Taylor da Florence Price da African Suite na Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, wanda ya yi shekaru yana kaɗa ogan a wani coci a Landan, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon Najeriya da Jami'ar Ibadan, ya rasu a jihar Ohio ta Amurka a 1987.